Ganyen da ke Bayan Waliyyi Yusufu

"Katako huɗu da gilashi ɗaya." Abin da na ji ɗayanku ya faɗa ke nan ɗazu, yana zaune a kan bencina, yana shan inuwar rumfata kyauta. Wai mene ne abin wuya a haɗa firam ɗin hoto? To madalla. Ga zarto nan, ga sukwaya ta auna kusurwa, ga guntun katakon maɗaci. Yanka mini kusurwa huɗu su haɗu baki da baki, yadda ko tsinken sakace ba zai sami hanya tsakaninsu ba, ni kuwa in kwashe takalmana in bar maka rumfar. Ka ja da baya? Gara haka. Ku gyara zama in ba ku labari, tunda gilashin da nake jira daga Sakkwato bai iso ba, ku ma na ga alamar ba inda za ku.

Sunana Ummaru, amma a Birnin Kebbi in ka ce Ummaru sai a tambaye ka wanne daga ciki. Ce Mai Gilashi, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya zai sauke ka a nan. A Argungu aka haife ni, gidan masunta, sai dai ni ruwa bai karɓe ni ba. Sau biyu ina kifar da kwalekwale a ruwan da bai kai ƙirji ba. A karo na biyu mahaifina ya dube ni ina tsiyaya, ya ce, "Wanga in anka bar shi ga ruwa, kihi ka cin shi, ba shi ka cin kihi ba." Aka kai ni wurin kafinta. Na yi shekaru ina buga benci da ƙofa da akwatin amare, har na yi aure, ina ganin ba abin da ya rage mini a sanin katako.

Da na zo Birni neman aiki sai na faɗa hannun Baba Rasaki, wani Bayarabe mai ɗaukar hoto da haɗa firam. Ranar farko na ce bari in nuna masa gwaninta, na haɗa masa firam kafin ya gama shan shayi. Ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta kusurwa, ya ce, "Ina hango hasken Allah ta nan. Kai benci ka sani." Ya miƙo mini tsumma da toka. Wata uku cur ina goge gilashi ina share tarkace, ni magidanci da gemuna. Na ji haushi ƙwarai, saura kaɗan in koma ruwan da ya ƙi ni.

Bayan wata ukun ne ya ba ni alƙalamin yanka gilashi. Ga shi nan, wannan ɗan abin da kuke yi wa kallon raini. Ana tsoma bakinsa a kananzir, a dafe rula, a ja sau ɗaya. Sau ɗaya tak! Ka maimaita layi, ka kashe bakin alƙalami, gilashin kuma ya bi hanyar da ya ga dama. Baba Rasaki ko kallona ba ya yi. Yana ba ni baya yana shanya hotuna, da kunne yake duba aikina. In ƙarar ta fito siririya ba yankewa, sai ya yi shiru. In ta yi gargada sai ka ji, "Ka kashe wannan, ɗauko wani." Tabon nan na babban yatsana a wurinsa na samo, ranar da na ɗauki gilashi a kwance kamar faranti. A tsaye ake ɗaukarsa, a tsaye ake jingine shi, in kuma za ka kai shi Ambursa a bayan babur, a tsaye za ka rungume shi kana ta salati duk ramin da aka faɗa.

Sauran kayan ba su da yawa. Akwatin yanka kusurwa wanda na sassaƙa da hannuna, gam, samfefa, ƙananan ƙusoshi marasa kai, 'yar gudumar nan da ta girme ku duka, kwalin rufe baya, da wayar ratayewa. Katako kuwa maɗaci nake so, don gara ba ta ƙaunar ɗacinsa. Farin katako ya fi arha, ya fi daɗin zarto, amma ba shi damina biyu ka taɓa shi ka ga gari na zuba. Na roban nan da ake jibgewa a kasuwa yanzu, masu ƙyalƙyali, ban ce kada ku saya ba. Ku saya mana, zafin bazara ɗaya zai lanƙwasa su ku kawo mini hoton.

Wani manomi daga Augie ya taɓa kawo mini hotonsa yana tsaye a gaban tarin albasar da ya noma. Hoton ya fi firam ɗin da ya zaɓa faɗi, shi kuma ya ce wancan ɗin yake so. Na ɗauko almakashi zan rage gefen da tarin yake, tunda ai mutum ne mai hoto. Ya cafke mini hannu. "Kai! Rage ni, kak ka taɓa albassa." Haka na datse masa kafaɗa guda da rabin hula, ya karɓa yana murna har kunne. A wannan sana'a ba kai ke faɗin abin da ke da daraja a hoto ba, mai shi ke faɗi. Na ɗauka tun daga ranar na haddace wannan karatun, ashe da saura.

Da Baba Rasaki ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini teburin nan da abokan cinikinsa. A cikinsu akwai 'yan Katolika da dama: Ibo 'yan kasuwa, mutanen Zuru malaman makaranta da na asibiti, da matan sojoji. Su kowane gida da kusurwar addu'arsa. Ɗan tebur ne da farin ƙyalle, kyandir biyu, casbinsu mai gicciye, 'yar kwalbar ruwan albarka, a bango kuma hoton waliyyin da mai gidan ya riƙa. Takardar hoton daga kudu ake kawo musu ita a naɗe, ni ke miƙar da ita in yi mata gida.

Sunayen da ke rubuce a ƙasa ban iya karanta su ba a lokacin, da abin da ke hannunsu nake gane su. Mai aski a tsakar ka da jariri a hannu, Antoni ne. Mai rungume da furanni, Tarisa. Mai takobi da fukafukai wanda ya take Shaiɗan, Mika'ilu ne, shi matan sojoji ke so. Sai wani dattijo mai sanyin fuska da farin fure, a wani hoton har da sukwaya a hannunsa. Na tambaya, aka ce Yusufu ke nan, mijin Maryamu, kafinta ne. Na ce ashe abokin sana'a ne. Na duba sukwayar tasa da kyau, daidai take, ba ta karkace ba.

Na farko da na rataya da hannuna, a gidan wata malamar asibiti ce 'yar Zuru. Na tsaya na auna daidai idona, na buga ƙusa, na ja baya ina yaba kaina. Matar ta durƙusa a gaban teburin ta ɗaga kai, ta ɗaga, har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Malam, so kake wuyana ya karye kafin in kai amin?" Tun daga ranar, in zan rataya waliyyi sai in ce mai gida ya durƙusa yadda ya saba, in auna daga idonsa. Sannan in bar taƙi biyu tsakanin harshen kyandir da gilashi, in ba haka ba wata rana ana tsakiyar addu'a za a ji tas. Waɗannan ba a rubuce suke ko'ina ba.

Wani abokina da muke sahu ɗaya a masallaci ya taɓa tare ni, wai yaya Musulmi zai riƙa yi wa hotunan coci ado. Na ce da shi ni katako nake sayarwa da gilashi. Addinina na nan inda yake, nasu na nan inda yake. Abin da na sani, yadda ba na ajiye allon Ayatul Kursiyyu a ƙasa, haka ba na ajiye abin da wani ke girmamawa a ƙasa. Ya yi ƙwafa ya tafi. Bayan wata biyu ya kawo mini takardar shaidar karatun 'yarsa, ya ce a yi mata baki mai ruwan zinariya irin na Antoni.

Sai shekarar da ruwa ya ci fadama. Ku kuna ƙanana, ba za ku tuna ba. Shinkafa ta nutse tun daga Argungu har Ambursa, wadda ta fara fitar da kai ma ba a ga ko tsinkenta ba. Wanda bai san abin da zai zuba a tukunya ba, wa zai yi masa zancen firam? Biki ya tsaya, hoto ya tsaya. Sati uku ban tsoma alƙalami a kananzir ba. Katakon da na tara ya kumbura, gam ya ƙi kamawa. Ruwa ya shiga gidana har ya kai ga turke, dole na jawo jar akuyar uwargidana Hajo na ɗaure a bayan rumfar nan, ita kaɗai ce dukiyar da ta rage mana mai numfashi.

Ruwan da ya kashe mini kasuwa shi ya buɗe mini wata. Bangon gidaje ya sha ruwa, hotunan waliyyai suka yi fumfuna, ga watan goma ya kusa, watan da 'yan Katolika ke zagaya gida-gida suna jan casbi tare. Ba mai son a taru a ɗakinsa a tarar da waliyyinsa ya yi kore. Akwai malaminsu mai taimaka wa Fada limamin cocinsu, Katikis Danjuma, wani dogon mutumin Zuru mai keke. Shi ya riƙa turo mini su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ku kai wa Mai Gilashi, yana da amana." Ba zan ɓoye muku ba, da aikin waliyyan nan muka ci tuwo a wannan shekarar.

Wata Litinin da hantsi sai ga Maman Ngozi. Tana sayar da manja da garin kwaki a kasuwa, ta fi shekara talatin a Kebbi, in tana magana a bayan labule ka rantse Bakaba ce. Mijinta Oga Inosan, mai sayar da kayan babur da keke, ya shekara shida da rasuwa. Ta shigo da wani abu naɗe a sabon zane, rungume kamar jariri.

Ta ce, "Mai Gilashi, ga Yusufu nan na kawo ma. Ruwa ya shige shi. Ran Alhamis da la'asar gidana aka addu'a, kak ka ba ni kunya."

Na ce, "Madam, in Allah ya so ba ki jin kunya."

Ta ce, "Tun daga garinmu munka taho da shi ni da maigida, bisa cinyata, kwana biyu cikin mota. Ban son sabo. Wanga nika so."

Da ta tafi na kwance zanen, na ga abin da ke gabana. Takardar ta manne da gilashi tun daga ƙirjin dattijon har ƙasa. Mai gaggawa zai ja, ya bar rabin waliyyi a jikin gilashi. Na kifa firam ɗin a kan tsumma don in zare ƙusoshi. Bayan tsohon firam kuwa ba abin da ba ka tararwa: gidan zanzaro, saƙar gizo, kashin tsaka. A ƙarƙashin wayar ratayewa kuma ga wani busasshen ganyen dabino a maƙale, an ƙulla shi wani iri, ya yi baƙi ƙirin da ƙura. Da laya ce da na gane, don ko ta wa ce ba na taɓawa. Amma ganye? A ƙasarmu da kaba da ganyen dabino ake ɗaure kifi da kan buhu, a kowane lungu kana tattaka shi. Daga baya na gane sauran da suka kawo mini aiki duk sukan cire irin wannan ganyen tun a gida, ita kuwa ta ɗauka duniya duka ta san darajarsa. Na zare shi tare da gidan zanzaron, na wurga ta ƙofar baya. Har na ji akuya tana ƙurmus-ƙurmus, na ce a raina, to ke ma kin samu.

Kwana biyu na yi a kan hoton nan. Na dafa ruwa a buta, ina kara gilashin a kan tururi daga nesa, kaɗan-kaɗan, don in ya yi zafi da yawa ya fashe. Ina da tsohon fim na hoton ƙirji irin na asibiti, na yanka shi siriri. Shi nake zurawa tsakanin takarda da gilashi, faɗin ƙwayar shinkafa a kowane turi. In na ji ya cije sai in tsaya in ƙara tururi. Ko abinci a tsaye nake ci. Ranar Laraba da azahar takardar ta saki gaba ɗaya, abin da ya tafi bai fi ɗigon launi a gefen riga ba. Na danne ta tsakanin kwali biyu ta bushe, na goge tsohon katakon na sa masa mai. Aradu na ji daɗin kaina, har ina cewa ina ma Baba Rasaki na nan.

Ina cikin haka Katikis Danjuma ya jingine kekensa ya shigo. Ya ga hoton ya gane shi nan take. Ya yaba, ya yaba, sannan ya duba teburin, ya duba ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Ina ka ajiye ganyen?"

Na ce, "Wane ganye?"

"Na bayan hoton. Gicciyen dabino."

Na ce, "Gicciye? Wani ƙulli dai nig gani, duk ya karkace."

Ya ce, "Shi fa. Yana ina?"

Idona ya tafi ƙofar baya. Shi ma ya bi da kallo. Akuya na kwance tana tuƙa, tana kallonmu kamar ta san zancen.

Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, ya yi mini bayani. Ashe ranar Lahadin da ke zuwa kafin bikin Ista ana raba musu ganyen dabino wanda Fada ya sa wa albarka. Kowa ya kai gida ya soke a bayan hoton waliyyinsa. In shekara ta zagayo a mayar coci a ƙona, da tokar ake shafa musu a goshi ranar fara azuminsu. Ba a jefarwa, ba a sharewa. Ya ce, "Nata kuwa shekara shida ina bin ta ta kawo a ƙona, ta ƙi. Oga Inosan ne ya saƙa shi da hannunsa, Lahadin ƙarshe da ya je coci da ƙafarsa."

Innalillahi! Na zabura na yi bayan rumfa. Na tone ƙasa, na ɗaga turke, har bakin akuya na buɗe ina leƙawa, abin da aka ci tun shekaranjiya. Katikis ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tuna abin ba na dariya ba ne ya haɗiye ta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tsoro ya kama ni sosai, kuma iri biyu. Ga baiwar Allah da ta ba ni amanar abin da ya fi mata komai. Ga kuma bakin mutane: gobe a ce Musulmin nan ya jefa wa akuya abin albarkarsu, kuma wani zai ƙara da cewa da gangan. Daga nan ba mai sake kawo mini ko hoton kaza, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Na ce, "Malam Katikis, in anka sami wani ganye anka saƙa irinai fa?"

Ya ɗauki kekensa ya ce, "Ni ban ji ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na tafi gida na sami Hajo. Ita gwanar saƙa ce, faifai da tabarma da mafici duk hannunta. Na zayyana mata komai. Ta saki baki tana kallona.

Ta ce, "Malam, akuyata kas sa ta ci kayan coci?"

Na ce, "Ba wanga na tambaye ki ba. Kina iyawa ko ba ki iyawa?"

Ta ce, "Iyawa kam ina iyawa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kai ko ɓoye goro ba ka iya ba."

Duk da haka ta zaro tsohon ganye daga jikin danga, ta jiƙa, ta saƙa gicciye kafin in gama alwalar la'asar, ta rataya a saman murhu ya sha hayaƙi. Da safe ta miƙo mini shi ya yi baƙi kamar ya shekara goma. Ta ce, "Ga shi, ni ba ruwana."

Ranar Alhamis na zo rumfa da shi a aljihu. Na jera siraran kwali a gefe don takarda ta daina taɓa gilashi, na kwantar da Yusufu a gidansa. Saura rufin baya. Tsohon kwalin yana ƙarƙashin tebur inda na cilla shi, na jawo don in auna sabo da shi. Ina juya shi na tsaya cak. Ko'ina ya yi duhu da hayaƙin kyandir da ƙurar shekaru, sai wurin da ganyen ya kwanta, nan ya zauna fari tas. Ga gicciyen nan ɓaro-ɓaro kamar an zana. Hannu ɗaya dogo, ɗaya gajere, ƙullin tsakiya ya zame gefe, har da wani ɗan zare da ya tsere ya yi sama.

Na fito da na Hajo na ɗora a kai. Ko kusa. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai ga samfuri ya samu, koma gida ta saƙa maka karkatacce daidai da wannan, akwai lokaci. Wallahi har na sa takalmi ƙafa ɗaya. Sai na sake duban abin. Na san Oga Inosan, na sha sayen tayar keke a wurinsa, mutum ne mai manyan yatsu duk baƙin mai. Na ga yadda ya yi ta fama da ɗan ganyen nan har ya ƙulla shi. Kunya ta kama ni, na cire takalmin. Na ɗauko maɗacin da nake ɓoyo, na yanka kusurwa huɗu, na tsoma alƙalami a kananzir. Na yi wa tsohon kwalin firam nasa, ban goge shi ba, ko hura shi ban yi ba.

Kafin la'asar na isa gidanta a unguwar Badariya da ɗauri biyu. Ta share ɗaki, ta jera kujerun aro, ta shimfiɗa farin ƙyalle. Na kwance na farko. Ta tafa hannu, ta ce, "Yusufu, ka koma saurayi!" Na rataya shi a ƙusarsa. Tana murmushi ta matso, ta zura hannu a bayan firam ɗin kamar yadda ta saba. Ta laluba sama, ta laluba ƙasa. Murmushin ya tafi.

Na cire hula na ce, "Madam, na yi miki ɓarna. Ban san mi ne ne ba, na ɗauka shara ce. Na yar, akuya ta canye."

Ta ce, "Akuya?"

Na ce, "Awo. Ta gidana."

Ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta dubi tafin hannunta. Can ta ce, "Shagon an sayas, tuhwahinai na rabas. Shi ɗai ya rage min wanda hannunai ya yi." Hawaye ya zubo mata. Ni ma na ji idona ya yi zafi, na rasa inda zan sa kaina.

Tunda na fara faɗin gaskiya na ce bari in ƙarasa. Na zaro na Hajo daga aljihu na ajiye a gabanta. Na ce, "Har ƙarya na shirya miki, ga ta. Na kasa."

Ta ɗauka ta juya shi gaba da baya, tana share ido da gefen zane. Sai na ga kafaɗarta na rawa. Na ɗauka kuka ne ya ƙaru, ashe dariya ce.

Ta ce, "Wanga? Inosan ya saƙa wanga? Mai Gilashi, da ka sa shi da tun daga ƙohwa na kama ka! Mutumin da ka kwance injin babur ido ruhe, amma ɗan ganye ya gagare shi. Rannan duk coci sai da anka yi mai dariya, Fada ma da ya gani sai da ya kau da kai. Shi ko yana ta hura hanci, wai nashi ya hi na kowa ƙarhi." Ta sake duban na hannunta. "Matarka ta iya saƙa. Ka gaishe ta, ka ce ta yi kyau da yawa."

A nan na kwance ɗauri na biyu na miƙa mata. Na ce, "Ganyen ya tahi, amma ga abin da ya bari."

Dariyar ta tsaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin taga inda haske yake. Ta sa yatsa a kan gilashin tana bin farin zanen a hankali, daga dogon hannun zuwa gajeren, ta tsaya a kan ɗan zaren da ya tsere. Bakinta na motsi da yarensu, ban san abin da take faɗi ba, kuma na san ba da ni take ba.

Aka yi sallama a tsakar gida. Matan addu'a ne suka fara isowa da casbinsu, Katikis Danjuma na bayansu yana leƙe, yana neman fuskata ya ga yadda aka kwashe. Maman Ngozi ta juya, fuska jiƙe, tana dariya, ta ɗaga firam ɗin sama.

Ta ce, "Ku taho ku ga aikin Inosan! Har yanzu a karkace yake."

Na tsaya da guduma da ƙusa a hannu ina jira ta miƙo in rataya mata. Ba ta miƙo ba.